Layin da Na Tsallake

Funtua, 9 ga Yuni

Yaya Zainulabidin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Aisha Humaira da yara. Mu nan lafiya, damina ta kankama.

Manhajar da na rubuta wa ƙungiyar manoma ta fara aiki. Manomi zai tura girman gonarsa a eka, ita kuma ta aiko masa da yawan maganin ciyawar da zai fesa. Na duba gargaɗin da kwamfuta ke fitarwa a kan manhajar, waɗanda ka ce in duba. Sun kai talatin, yawancinsu tarkace ne. Ɗaya yana cewa wani layi a cikin rubutun manhajar yana lissafi amma ba a amfani da amsarsa. Tunda manhaja tana tafiya, na bar shi.

A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Amatullah

Funtua, 27 ga Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Sadiq? Allah ya ƙara sauƙi.

Masarar Malam Manu ta Maska ta ƙone bayan feshi, eka huɗu. Shi ne ya fara amfani da manhajar. Wasu mutum biyu a Danja ba su riga sun fesa ba, an tsayar da su.

Layin nan da na bari ne ya jawo. Aikinsa ya mayar da eka zuwa hekta, domin da hekta ake auna maganin. Yana yin lissafin daidai, sai dai ban ce masa ya ajiye amsar ba, sai ta zube. Manhaja ta ɗauki eka huɗu a matsayin hekta huɗu, ta ba shi magani ninki biyu da rabi. Alama guda na manta. Gyaran bai kai minti ɗaya ba.

Shugaban ƙungiya ya so a ce maganin ne jabu. Ban yarda ba. Ranar Talata na hau mashin na je Maska na faɗa wa Malam Manu yadda abin yake. Ya saurara har na gama, ya tambaya ko kwamfutar ba ta gani ba ne. Na ce ta gani, ta faɗa mini, ni ce ban kula ba. Sannan ya sa aka kawo mini ruwa.

Dawa zai dasa a wurin. Bai tambayi manhaja komai a kanta ba, ni ma ban ce ya tambaya ba.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Amatullah