Baron Zaɓe

Oktoba, 1916

Yaya Lemuel,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, don za ka buƙace ta. Na amince da sharaɗinka: wanda ɗan takararsa ya faɗi a zaɓen shugaban ƙasa zai tura ɗan'uwansa a baro daga coci har tashar jirgin ƙasa. Shugaban ƙasa ya ce babu ruwanmu da yaƙin Turai, kuma shekara biyu bai saɓa ba. Ɗa ɗaya gare ni, Yaya. Duk wanda ya bar mini Wendell a gonar masara, shi ne nawa. Kullum ina gaya wa yaron, mutumin nan a bi shi ido rufe.

Ƙanenka,
Orval

Nuwamba, 1916

Orval,

Ina gaida matarka Hattie da yaron. Tun da na tura ka bayana bai daina ciwo ba, ashe nauyinka ya kai na turmi. Ka sha tafi, ka ɗaga hula kamar kai aka zaɓa, na yafe. Amma ka yi tunani. Alkamarmu da alfadaranmu ɓangare ɗaya na masu yaƙin suke zuwa. Mai ciyar da ɗaya cikin masu dambe ba ɗan kallo ba ne, ko da ya rantse. Ban ce mutuminka maƙaryaci ba ne. Tsoro nake ji kawai.

Ku huta lafiya,
Lemuel

Afrilu, 1917

Yaya,

Barka da war haka. Ka ga jarida, mun shiga yaƙin. Jiya Wendell ya je ya ba da sunansa a aikin soja, ba wanda ya tilasta shi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Sai ya ce, "Baba, ba kai ka ce a bi shi ido rufe ba? To, ga shi ya kira." Hattie ta juya mini baya tana haɗa masa kaya, gara ta zage ni.

Ranar Asabar jirginsu zai tashi. Ka zo da baron. Ni na faɗi zaɓen nan, ni ya kamata in tura ka, gari ya yi dariya.

Naka cikin baƙin ciki,
Orval

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Zan zo da baron, amma ba zan hau ba. Akwatin yaron za mu ɗora. Baron hannu biyu gare shi, ka kama ɗaya in kama ɗaya.

Sai Asabar,
Lemuel