Makulli Na Uku

Zuwa ga ɗana Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya maiɗakinka, yaya ƙafar 'yar ƙaramar nan da aka ce ta gurɗe? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta shiri da tsayuwa. Uwarka tana nan da bakinta, ko kaɗan bai ragu ba.

Bayan haka, shekara goma sha bakwai ke nan ina yawo da takardar kotu a aljihun ƙirjina. Ta sha gumi har ta yi laushi kamar tsumma, kuma har yau ba a samu mahalukin da ya ba ni amsa a kanta ba. Na daina ɗora maka wannan kaya tun da ka zama babban mutum a ofishin yaɗa labarai na jam'iyya mai mulki. Amma ranar Talata ina gyaran sikelin mai nama, sai na ji muryarka a rediyo. Ka ce wannan ƙuri'ar raba-gardama da za a yi a ƙarshen wata, ta a bai wa shugaban ƙasa ikon ya rushe hukuma ya naɗa wadda ya so ba sai majalisa ko kotu sun ce uffan ba, wai ba ta dami talaka ba. Ka ce kun tambayi mutum dubu biyu, dukansu ciki kawai suka sani, farashin abinci ne zai kai su rumfar zaɓe. To ni ba ku tambaye ni ba, ga shi kuwa ni talaka ne tun kafin a haife ka.

Tun da ka manta, bari in tuna maka. A kasuwarmu akwai akwatin ƙarfe da ake ajiye duwatsun awo na asali, waɗanda ake gwada kowane sikeli da su. Kwaɗo uku ne a jikinsa. Makulli ɗaya yana hannun shugaban kasuwa, ɗaya yana hannun wanda masu saye suka zaɓa, na uku yana hannun mai gyaran sikeli, wato ubana, sannan ni. Ba a buɗe shi sai mu uku mun hallara. Dukanmu mutanen kirki ne, amma ba a bar wa kirkinmu akwatin ba, domin mutumin kirki ma yana da suruki mai sayar da gero.

Rana ɗaya wancan shugaban ƙasar na da, wanda ni da kaina na bi layi cikin rana na zaɓa, ya sa hannu a takarda ya rushe kwamitocin kasuwanni, ya naɗa kantoma. Kantoma ya ce a kawo makullai. Biyu suka kai nasu, ni na hana. Aka sa guduma aka fasa kwaɗona, aka kwashe kayana daga rumfa ta goma sha huɗu aka zube a bakin kwata. Na je kotu, alƙali ya ce a mayar mini da rumfata, a mayar da kwaɗo. Kantoma ya ce shi ba alƙali ne ya naɗa shi ba.

Kai ne ka rubuta labarina a jarida lokacin kana makaranta. Ka kira abin mulkin kama-karya, da hotona riƙe da makulli. Da wannan rubutu 'yan adawa suka san ka. Yau su ne a kan kujera, kai kuma kana musu magana. Da kukana ka fara cin abinci, Auta, yanzu kuma ka ce talaka bai san iko ba.

Mai Kemis ne yake rubuta mini wannan, yana rubutu yana murmushi don ana zagin jam'iyyarku da ta kayar da tasu. To ya rubuta wannan ma: a wancan lokaci shi ne mai yawo yana cewa shugaba mai aiki ba a ɗaure masa hannu, yau kuma shi ne mai kukan za a kashe ƙasa. Kun yi musayar baki kamar masu musayar hula. In ya gama, Tela zai sake karanta mini, don ba na yarda da makulli ɗaya ko a wasiƙa.

Kada ka buga mini waya. A waya kullum kana cikin taro. Ka rubuto.

Mahaifinka,
Mai Sikeli

Zuwa ga ɗana Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Na ji ƙafar yarinya ta warke har tana tsalle, mun gode Allah.

Na ce ka rubuto, sai ka zagaya ta bayan gida ka kira uwarka. Ta isar da saƙo, har da ƙari. Ta ce ka yi magana da manya, an yarda za a mayar mini da rumfa ta goma sha huɗu da umarni daga ofishin shugaban ƙasa. Abin da ake so kawai, ranar Asabar da za a yi taron jam'iyya a filin kasuwa, in hau dandamali in miƙa wa kantoman yanzu tsohon makullina, in ce an share mini hawaye, a ɗauki hoto.

Tun ranar ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Ta ce taurin kaina ya fi duwatsun awona, ta ce makullin da ba ya buɗe komai me zan yi da shi, ko da shi za a binne ni. Ta ce in dubi inda nake aiki. A nan kam ba ta yi ƙarya ba. Ka san ƙarƙashin matakalar benen nan, kusa da janareto. Hayaƙi ya cinye mini ido, in ruwa ya sauko sai in tattara sikelin mutane a cinya don kada su yi tsatsa. Mai benen ma ya ce in nemi wuri kafin sabuwar shekara, zai toshe wurin ya yi shago.

Ba zan ɓoye maka ba, jiya na bi ta layin masu awo, abin da na yi shekaru ban yi ba. Rumfar a kulle take, na leƙa ta jikin ƙyaure. Ƙusar da ubana ya kafa yana rataye babban sikeli tana nan a bango, ba wanda ya cire ta. Na daɗe a tsaye har mai barkono ta tambaye ni ko lafiya. Ina son rumfar nan, Auta. Ina so in mutu ina da ƙofar da zan kulle da yamma in buɗe da safe. Kada ka zaci dutse ne a ƙirjina.

Amma ka duba mini. Da sa hannun mutum ɗaya aka fitar da ni, yanzu da sa hannun mutum ɗaya za a mayar da ni. Gobe in ya tashi da ciwon kai, ko wani ya hau kujerar, wa zai hana a sake zube ni a bakin kwata? Alƙali ya riga ya ce rumfata ce. Me ya sa ba za a ce an bi hukuncin kotu ba, sai dai a ce an yi mini kyauta? Ba a yi wa mutum kyautar rigarsa.

A shagon Tela kullum gardama ake. Mutanenku suna cewa majalisa ta cika surutu, a sakar wa shugaba hannu ya sauko da farashi. Su Mai Kemis suna cewa in aka sakar masa ba mai sake kama shi. Direban tifa ya ce shi ko Iblis ne zai rage kuɗin mai zai zaɓe shi, aka yi ta dariya. Ni dai tambayata ɗaya ce, kuma kai nake yi wa: in na miƙa makullina, wa zai riƙe sauran biyun?

Zan zo ranar Asabar, tun da na ce wa uwarka zan zo. Ban ce mata zan miƙa komai ba. Kana da kwana biyar ka ba ni amsa.

Mahaifinka,
Mai Sikeli

Zuwa ga ɗana Auta,

Sallama. Ina fata kun tashi lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ina tambayar lafiyarka da gaske, domin fuskar da na gani ranar Asabar ba ta mai cin abinci ba ce.

Kana wurin, amma daga bayan dandamali kake, bari in faɗa maka yadda abin yake daga gaba. Mutanenku sun yi dabara, sun aro babban sikelina sun kafa shi a kan dandamali don hoto ya yi kyau. A gefe kuma ga ƙananan buhunan shinkafa an jibge za a raba, kowanne an rubuta kilo biyar, da hoton shugaba yana murmushi. Da aka kira ni, kantoma ya ɗora mini buhu ɗaya a hannu kafin in miƙa makulli. Auta, shekara hamsin hannun nan yana ɗaga kilo biyar. Ban yi niyyar komai ba, wallahi, na zo ne in yi tambayata in sauka. Amma hannuna ya ce mini buhun nan bai cika ba.

Sai na ɗora shi a sikeli, na ciro dutsen ubana daga jaka na sa a ɗaya ɓangaren. Buhu ya yi sama. Sai da na ƙara masa rabin kilo sannan suka daidaita. Kantoma ya yi dariya a lasifika, ya ce sikelin Baba ya tsufa kamar Baba. Ya aika aka ɗauko dutsen kasuwa daga akwatin nan, wanda shi kaɗai ke da makullinsa. Aka ɗora, buhu ya zauna daidai, mutanenku suka yi tafi. Ni kuma na sauke buhun, na sa dutsena a gefe ɗaya, nasa a gefe ɗaya, nasa ya tashi sama kamar an kira shi. Na kifa shi a gaban jama'a. An ƙwaƙule dalmar da ke gindinsa, an ƙara rarake ƙarfen, an toshe da kwalta.

Ban ce kantoman nan ne ya rarake ba, su huɗu aka yi tun bayan fitata. Ban san wanda ya yi ba, kuma ba wanda zai taɓa sani, domin ba wanda yake tsaye a wurin in an buɗe. Da wannan dutse ake gwada sikelin kowa a kasuwar nan. Mai barkono ce ta fara magana, ta ce ashe shi ya sa take sayen kilo goma a wajen dillali, ta kai gida ta ga kamar ɓera ya riga ta. Daga nan ba wanda ya ƙara jin lasifika.

Zan ba ka gaskiyarka. Duk da haka an yi layi an karɓi shinkafar, uwarka ma ta karɓo biyu, ta ce ko ba ta cika ba ta fi babu. Ban hana ta ba, na ci kuma. Ciki gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ba a rediyo. Inda ka ɓata shi ne da ka raba ciki da makulli. Kun tambayi mutum dubu biyu me ya dame su, suka ce abinci ya yi tsada, ba wanda ya tambaye su wa ke riƙe da dutsen da ake auna musu abincin.

Mai Kemis ya zo washegari bakinsa har kunne, wai in hau motarsu in yi magana a taronsu. Na ce masa in kun ci, kun dawo, za ku mayar da kwaɗo uku, ko kuwa makulli ɗayan kuke so ya dawo aljihunku? Sai tari ya kama shi, mai sayar da maganin tari. Rubuta, malam, Tela zai duba.

Rumfa ta goma sha huɗu an ba mai sayar da katin waya ranar Litinin. Ya cire ƙusar. Uwarka kwana uku ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ajiye kwano da ƙarfi. An ce kai ma an kira ka ofis a kan wa ya kawo wannan tsoho. Wannan ya dame ni fiye da rumfar, ban so wutata ta taɓa rigarka ba. Amma ba zan ce na yi nadama ba, don ban yi ba. Da na sauke buhun nan na yi shiru, da na zama dutsen da aka rarake.

Na hange ka lokacin da na kifa dutsen. Kowa yana kallon kantoma, kai kana kallon ƙasa. Ka shiga mota ba ka biyo gida ba, uwarka ta ajiye maka abinci har ya huce. Yaron da ya rubuta labarin nan a jarida ya san amsar tambayata, shi nake nema.

Ranar ƙuri'a zan fita da sandata in dangwala a'a, kamar yadda zan dangwala ko da su Mai Kemis ne suka kawo ta. Makulli yana nan a wuyana, takardar alƙali tana aljihu. Kantomomi huɗu ba su amsa mini ba, shugabanni biyu ba su amsa mini ba, ban haife su ba. Kai na haife ka. Ka ɗauki alƙalami, ko ka zo ka zauna a ƙarƙashin matakalar nan ka dubi idona ka faɗa mini: in an tara makullan ƙasa duka a hannun mutum ɗaya, wa zai kifa dutsensa ya duba gindin? Ka ba ni amsa, Auta, kafin ranar ƙuri'a.

Mahaifinka,
Mai Sikeli