Littafin Da Na Ba Taubashina Zai Kayar Da Shi

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah a sassauta zagi, na riga ku farawa.

Ni da ɗan gwaggona, taubashina ke nan, tare muka karanta likitanci a ƙasar waje, muka dawo ƙauyenmu da ke bayan Ɗambatta. Sai dai mai digirin waje ba ya taɓa majinyaci a ƙasar nan sai ya ci jarrabawar lasisi. Garinmu bai taɓa yin likita ba, yanzu ga biyu a hanya, har a ƙofar masallaci ana musun wa zai riga. Ya fi ni kai, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa.

Wata likita da ta ci jarrabawar ta ba ni shawara in riƙe cututtukan gida, su maleriya, sikila, tamowa, jijjigar masu ciki da saran maciji, in bi tsoffin tambayoyi, in riƙa bin manyan likitoci zagayen duba marasa lafiya a asibiti a Kano. Da taubashina ya tambaye ni me ya kamata ya karanta, me na yi? Na miƙa masa wani ƙaton littafi mai nauyin turmi, na shirin jarrabawar Turawa, na ce daga ciki ake ɗebo tambayoyi. Ko muryata ba ta yi rawa ba. Yanzu kullum yana gindin ɗorawa a gonarsu, yana haddace ciwon da kaska ke sawa a dajin da ƙanƙara ke zuba. Gwaggo kuwa naɗe littafin take a zane in ya gama, ta aiko min da fura da addu'ar Allah ya bar zumunci. Ina shanyewa tas. Wane irin mutum ne wannan? Kare ma ya san gidan da ake ba shi tuwo.

Da ya ga ina sammakon shiga motar Kano, sai na ce zance nake zuwa. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce soyayya za ta kayar da ni. Jiya ya tare ni a bakin hanya da littafin a hammata.

"Zauna nan, bawana," in ji shi. "Ba zan ci in bar ka a baya ba, a ce ubangidanka bai iya kiwo ba."

Ya zaunar da ni yana koya min, da haƙuri, da misalai masu kyau, daga littafin da na haƙa masa rami da shi. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai.

Jarrabawa ta matso. In na yi shiru zai faɗi. In na ce wasan taubasai ne, shi ya fi kowa sanin inda wasa ke tsayawa. In na faɗi gaskiya, wataƙila ya ci, amma da wane ido zan shiga gidan Gwaggo?

Me zan yi?