Mai Gyambon Ciki da Miyar Indiyawa

Inna Zuwaina, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani, don yanzu haka akwatina a buɗe yake a kan gado.

Shekarun baya likita ya ce mijina yana da gyambon ciki. Tun daga ranar na kori barkono daga gidana, na kori tsami, na kori suya. Kifi da ruwa da ɗan gishiri nake dafa shi, shinkafa fara fat. Ni da na tashi a gidan da ko shayi sai da citta mai ratsa hanci, na koma cin lami, yarana ma haka, don kada ya ga muna ci ransa ya biya. Ya dawo daga aiki ya ɗan tsakura, ya ture faranti, ya dafe ciki, ni kuma in bi shi da sannu.

Ran Alhamis 'yarmu ta gama sakandare, ta ce ita dai a kai ta gidan abincin Indiyawan nan na bayan gidan mai. Ya yi ta kame-kame, wai wurin ba na iyali ba ne, wai ma bai san ko suna da tsafta ba. Yarinya ta kafe, dole ya kwashe mu.

Muna shiga ɗakin da suka ware wa masu iyali, ko labule ba mu gama ja ba, sai ga mai kawo abinci, wani wai shi Shaji, baki har kunne. Bai tambayi mijina abin da zai ci ba. Kawai ya dire masa miyar kifi jawur, wadda tururinta kaɗai ya sa ni atishawa, da ɗan kwanon ɗanyen barkono a gefe, ya ce an ƙara yaji yadda maigida yake so kullum. Kullum fa, Inna. Sannan ya juyo wajena da ladabinsa, yana ta murna wai yau Allah ya nuna musu iyali, wai ai mijina ɗan gida ne, har tebur gare shi a ƙarƙashin fanka inda suke zama da Zahir. Zahir ɗin nan ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake zuwa gidana yana yaba mini haƙuri.

Mijina ya kasa ɗaga kai. Ni kuwa na ci, wallahi na ci, shinkafar biriyani da duk abin da aka kawo, ina ci ina hawaye, yara suna zaton yaji ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, garin namu ƙarami ne. Matan da nake zama ina ba su labarin ciwonsa, mazansu a teburin kusa da shi suke ci. Ashe kowa ya sani sai ni.

Da muka dawo, abin da kawai ya iya cewa wai bai so ya ɓata mini rai ba ne. Ina so in tafi gidan babana. Wani lokaci kuma zuciyata ta ce in zauna in dafa masa barkonon da zai gane kurensa. Wanne zan yi?

Wadda aka mayar sakarya, daga Sinaw

'Yata, rufe akwatin nan tukuna.

Fushinki yana kan hanya. An bar ki kina ɓarin tausayi a kan abin da aka ɓoye miki, har yara suka sha horon da ba nasu ba. Mijinki ya yi laifi, Zahir ma ya yi. Shaji kuwa ki bar shi, bawan Allah karramawa ya yi niyya.

Amma ki duba ɗaya gefen. Mutumin da aka yi wa jinya da irin wannan himma, har gari ya ɗauka, yana iya jin nauyin buɗe baki ya ce ya gaji da lami. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, har ƙarya ta yi masa girma. Kwaɗayi ne da tsoro, ban ga ƙiyayya a ciki ba. Na kuma lura duk tsawon wasiƙarki ba ki ambaci ranar da ya koma asibiti ba.

Saboda haka kada ki dafa barkonon ramuwa. Ki sa shi gaba ku je wurin likita a makon nan, ki shiga ɗakin ki ji da kunnenki. In ya warke, ya tara yara ya gaya musu da bakinsa, ya ba ki haƙuri, Zahir ma ya zo ya ba da nasa, tukunyarki kuma ta koma yadda kike so.

Sai dai akwai abin da fushi ya hana ki gani. Ƙila dafe cikin nan ba na yaudara ba ne, ciwon yana nan, shi kuma kullum da rana yana zuba masa wuta. In haka ne, ƙaryar ita ce ƙaramar damuwarki. Ina yi miki addu'a, 'yata, Allah ya sa ki fito daga asibitin nan da fushinki kaɗai.