Ba'amurke Yana Koya Min Maganar Larabawa

Mama,

Ina gaishe ki daga Los Angeles. Yaya ƙafar Baba?

Lafiyata lau, kada ki damu. Bayan shekara shida ina fitowa a fim a matsayin matar ɗan ta'adda, yanzu an ba ni jaruma mai tashi sama. Sai dai jiya darakta ya ce, "Rawya, maganarki ba ta yi kama da ta Larabawa ba." Har ya ɗauko Ba'amurke ya koya min, ni Balarabiya. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ina koyo kuwa, don 'yan matan garinmu Mansura su ga tasu a fim. Amma ni za su gani?

Ki kira ni ranar Juma'a, ki faɗa min ko muryata ta canza.

Allah ya bar min ke.

'Yarki,
Rawya