Har Yanzu Ana Sauka a Kwanar Malama

Nassarawa GRA, Kano.
Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina sanar da ke yau jikin da sauƙi. Gwiwar hagu ce dai ta hana ni fita, sai a rediyo na ji huɗuba. Tarin ya ragu. Gidan yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini yawa. Daga ni sai Malam Audu maigadi, sai kurciyoyin da ke kuka a kan mangwaronki.

Na ɗauki alƙalami ne in gaya miki na je Nguru. Kada ki yi faɗa. Alhaji Bukar, wanda muka yi aikin tashar jirgin ƙasa tare, ya rasu watan jiya, na ga bai dace in yi ta'aziyyarsa ta waya ba. Yaran ba su sani ba, da sun hana. Motarmu tana gareji tayoyinta sun sace, direba ya koma garinsu tun bara. Sai na shiga motar haya a tasha, aka ba ni gidan gaba albarkacin furfura.

Kin tuna zuwanmu na farko a jirgi, kina amarya? Kin rungume kwallar tasoshinki tun daga Kano, kin ƙi yarda a ɗora ta sama. Da muka sauka kika dubi yashin garin kika ce, "To, a nan kaji ma sai sun sa takalmi."

Yashin yana nan, amma garin ya faɗaɗa har ban gane gabas ba. Keken haya da muka sani babu shi. Yanzu mai ƙafa uku ake hawa, wanda mu a Kano muke kira adaidaita sahu, su kuwa napep. Aka matsa mini na zauna a baya, kusa da wata dattijuwa mai kwandon busasshen kifi a cinya. Ke kin san unguwar nan tamu, kowa yana cikin motarsa gilashi a rufe. Na manta yadda ake jin kafaɗar mutum a jikin tawa.

Muna cikin tafiya sai dattijuwar ta taɓa bayan direba ta ce a sauke ta a Kwanar Malama.

Na ɗaga kai. Kwanar gidanmu ce ta dā, inda yashi ya fi zurfi. Keken da na saya domin zuwa aiki, kika karɓe shi kina zuwa makarantar 'yan mata, ni ina takawa a ƙasa, mutane suna ta surutu. Kullum a wannan kwana yake kafewa. Ki sauka, ki kaɗa ƙararrawa, 'yan mata su fito daga gidaje su tura ki, daga nan ki tasa su gaba har aji. Na taɓa ce miki ki sake hanya. Kika ce, "In na sake hanya, wa zai fito da su?"

Na tambayi direban ko wace Malama ce. Ya ce shi dai haka ya taso ya ji ana faɗa. Dattijuwar ta harare shi ta ce, "Ku ai tuƙi kawai kuka iya. Malama Saratu ce, matar akawun jirgi. Da hannuna na tura kekenta."

Malama, kin san ni. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunanki ba, haka aka rene mu. Yaran kuma Umma suke cewa. Waɗanda suke kiran ki da shi duk sun riga mu gidan gaskiya. Ban san kunnena yana yunwarsa ba sai da ya fito daga bakin mai kifi, a cikin ƙarar inji.

Na ce mata ni ne akawun. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne dogon nan mai gajeren wando? Wallahi ka lotse, Malam." Har direban sai da ya yi dariya. Sunanta Hajiya Fanna. Ta ce kina da wata waƙar ƙirga da kike koya musu a hanya, har yau da ita take ƙirga kifi. Ba ta samu ta rera mini ba, masu babur suna ta yi mana hon a baya. Amma ta ce Juma'ar nan za ta kawo kaya Kano, za ta biyo ta ba ni labarinki tun daga farko. Na kwatanta mata gidan.

Na sa an share falo, an fito da kofunan baƙinki. Na gaya wa Malam Audu in ya ga mace da kwando kada ya tsaya yi mata tambayoyi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kowace yarinya da kika fito da ita ta zame miki haske. Ya haɗa mu a inda ƙafa ba ta kafewa. Amin.

Naki har kullum,
Akawun jirgi.

Ƙari: An kira magariba, ba ta zo ba. Wataƙila ta yi ta zagaye, ƙofofin unguwar nan duk iri ɗaya ne, kuma babu wanda za ta tambaya a titi. Shayin ya huce. Da na ga haka sai na rufe ƙofar falo, na zauna a kujerarki, na faɗa da bakina a hankali. Saratu.