Tsohuwar Ba Ta Tuba Ba, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin fassarar fina-finai da nake yi wa aiki a Funtuwa.

Gaisuwa da girmamawa, da fatan iyali suna lafiya. Sau uku na zo ofis ana cewa ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Kai ka ba ni fim ɗin nan na Japan in fassara. Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda kamfani guda ya mallake ruwan sama da irin shuka, kowa an buga masa lamba a wuya. Wata tsohuwa ta ɓoye irin shinkafa, aka kama ta. Mako biyu na yi a kansa. Duk muryoyin ni na yi, har ta tsohuwar, sai da maƙogwarona ya dishe.

Na biyu. A ƙarshen fim ɗin, mutanen gari sun durƙusa a bakin masana'antar kamfanin, sun ƙi aiki sai an sako ta. Haka na fassara. Kai kuwa ka yanke wurin, ka tsinto kalmomina daga wasu sassa ka harhaɗa, sai ga su suna neman gafarar kamfani, tsohuwar ma wai ta tuba. An ce tsoro kake kada manya su ce muna zuga manoma. Ranka ya daɗe, in fim ɗin ya fi ƙarfinka, ai sai ka ajiye shi.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Mahaifina manomin masara ne a Bakori, bai taɓa damuwa da sana'ata ba. Wannan karon ya sa aka tura masa fim ɗin a waya, don ya ji an ce akwai maganar iri. Da na je gida ranar Lahadi, sai ya tambaye ni ko da gaske bakina ne ya sa tsohuwar nan ta ba da haƙuri. Na rantse masa ba haka na fassara ba. Muryata ya ji da kunnensa, da me zan ƙaryata ta? Kunya ta kama ni, har yanzu ba ta sake ni ba.

Buƙatuna biyu ne: ka mayar da ƙarshen yadda masu shi suka yi, ko ka cire muryata gaba ɗaya. In ka ƙi, ba zan kai ƙara ko'ina ba. Ran kasuwa zan tsaya a rumfar masu tura fina-finai, in faɗa wa duk wanda ya miƙo waya yadda labarin ya ƙare, da muryar tsohuwar. Sun san ta, za su gane wanda ya yi ƙarya.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya cire maka tsoron da ba na Allah ba.

Wassalam.

Ishaya, mai fassara,
Malumfashi.